Harajin ya iso Kwari, amma ba ta ƙofar da muka tsare ba

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 da sabbin dokokin haraji suka fara aiki, tambayar da aka fi yi min ita ce wai da gaske ne gwamnati za ta dinga yankar kuɗi a akawun ɗin mutum duk sanda alat ya shigo. Aikina ne dama rubuta wa 'yan kasuwa lissafi, akwai shaguna a kasuwannin Kwari da Singa a nan Kano da nake bi ina daidaita musu littafi, me ya shigo me ya fita, waye ya ci bashi waye ya biya, shi ya sa duk wanda ya ji wata magana a WhatsApp ni yake tarewa a bakin layi. Amsar dai ita ce a'a, babu wannan a dokar. Amma in na ce a'a na yi shiru ban yi wa mutane adalci ba, don akwai abubuwan da suka canza da gaske, akwai kuma wanda ya kamata a ce shi aka fara canzawa amma yana nan yadda yake, kuma shi ne ya fi ci min rai.

Ga wanda ya manta yadda aka faro, a 2023 ne Tinubu ya kafa kwamitin gyaran haraji ya ɗora Taiwo Oyedele a kai, sukai ta zama sama da shekara, sai a Oktoban 2024 aka kai wa majalisar tarayya ƙudurori huɗu. Ɗaya na harajin kansa, ɗaya na yadda za a dinga karɓa, ɗaya ya rushe hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ya kafa NRS a madadinta, na huɗun kuma na hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi. Kowa ya san ƙurar da ta tashi. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna ƙarshen watan suka ce ba su yarda ba, majalisar tattalin arziki ta ƙasa wadda Kashim Shettima yake shugabanta ta ce a janye a sake tuntuɓa, shugaban ƙasa ya ce ba zai janye ba, mai ƙorafi ya tafi majalisa. Zulum yai magana, Ndume yai, Kwankwaso yai, majalisar dokokin Kano ma ta ce ba da ita ba. Sanata Barau da ɗan majalisa Kofa kuwa sun sha baki a garin nan, don ana ganin suna goyon bayan ƙudurorin. Rediyo, Facebook, teburin mai shayi, har huɗubar Juma'a sai da maganar haraji ta shiga.

Yanzu wasu suna cewa hayaniyar banza akai tunda ga shi ranar 26 ga Yunin 2025 an sa hannu. Ni ban ga haka ba sam. Ƙudurin da ya shiga majalisa ba shi ne ya fito ba. A na farkon an so a ɗaga VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima, daga kashi 7.5 zuwa 10, daga nan 12.5, har ya kai 15 a 2030, aka ce a'a, yana nan a 7.5 ɗinsa. An so a dinga rage kason TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, har ya ƙare gaba ɗaya, ASUU ta ce ba ta san zancen ba, kuma duk wanda ya zaga BUK ya ga allunan TETFund a jikin gine-gine ya san dalili. Yanzu an haɗe harajin ilimi da wasu ƙananan haraji na kamfanoni an mai da su guda ɗaya, kashi 4 na ribar kamfani, rabinsa na TETFund ne. Malamai suka tsaya a kan maganar gado har aka fayyace cewa ba a taɓa gado. Duk wannan ba kyauta aka ba mu ba, ihun ne ya jawo.

Inda na fi son mu tsaya shi ne rabon VAT, don nan ne asalin faɗan kuma nan ne mutane suka fi rashin fahimta. A da tarayya tana ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Yanzu tarayya ta koma 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35. To a tsakanin jihohin kuma, tsohon tsari shi ne rabi a raba daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito. Kwamitin Oyedele ya so a mai da na inda kuɗin ya fito ya zama 60, shi ne abin da ya tada hankalin gwamnoninmu, don in dai inda hedikwatar kamfani take ake nufi to Legas ta gama kwashewa. A Janairun 2025 gwamnonin ƙasar duka suka daidaita a kan 50 daidai, 20 yawan jama'a, 30 inda aka yi amfani da kayan, kuma haka ya shiga doka.

Ka duba da kyau ka ga me ya samu Kano a nan. Kason yawan jama'a, wanda nan ne ƙarfinmu tunda a ƙidayar 2006 mu ne na ɗaya, ya sauka daga 30 zuwa 20. Wannan asara ce a fili. Amma kuma an canza ma'anar ɗaya kason. A da in ka sayi data ko katin waya a Kurna, VAT ɗin da ka biya a Legas ake rubuta shi, don can ofishin MTN da sauransu yake, haka na banki, haka na lemon kwalba da taliya da sabulu. Yanzu doka ta ce a rubuta shi inda aka ci kayan. Gari irin Kano da ake sauke tireloli dare da rana a Singa, ga miliyoyin layukan waya, ai ya kamata a ce mu ne na gaba-gaba wajen cin wannan kashi 30 ɗin. Sai dai fa kason nan da shaida ake cinsa. Cinikin da bai shiga takarda ba babu shi a lissafi, ko da kuwa ya kai biliyan. Mu kuma kasuwancinmu na amana ne, a ɗaga waya a ce a loda min dila hamsin, a loda, kuɗi ya biyo baya bayan sati biyu, ba rasit ba komai. Wato dai duk sanda muka ƙara ɓuya daga takarda, Legas muke yi wa aiki.

Su kuma masu yi mana gorin wai muna fasa kwalaben giya muna cin kuɗinta, su dinga haɗawa da cewa gero da masara da wake da shinkafar da ake lodawa a Dawanau zuwa Kudu babu VAT a kansu, da ma can babu kuma sabuwar dokar ta ƙara tabbatar da hakan, ita da magani da littattafan makaranta. Abin da muka fi nomawa shi ne aka yafe wa haraji don kowa ya ci da sauƙi, sai kuma a dawo a ce ba ma kawo komai. Wannan a gefe kenan.

Ƙarshen Disamban 2025 kuwa abin da na gani a Kwari sai wanda ya gani. Na shiga shagon wani dattijo da nake yi wa lissafi, mai shadda da yadi, na tarar ya sa yaronsa yana ɓare takardar nan da ake liƙawa da salatif a jikin gilas, mai lambar akawun da sunan banki. Ko zama ban yi ba ya ce, "Malam, ka ji abin da ake ciki ko? Daga ɗaya ga wata duk ɗari da ta shigo sai sun ɗebi ashirin."

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, a ina aka faɗa?"

Ya miƙo min waya. Muryar wani ce, ba suna ba komai, yana ta rantsuwa wai ɗan uwansa a babban banki yake aiki. Nai masa bayani iya iyawata, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji, Allah ya yi albarka. Amma ka bari mu ga kamun ludayinsu tukuna." Aka cire takarda.

Abin da ya biyo baya shi ne kwastoma ya taso tun daga Maiduguri ko Yola da kuɗinsa a waya, ya zaɓi kaya na miliyan biyu, a ce masa sai tsaba. Ya fita ya bi layin masu POS, wannan ya ba shi dubu ɗari uku wancan ya ba shi ɗari biyar, kowanne da cajinsa, ya dawo da kuɗi a leda baƙa, yara biyu su zauna a kan dila suna ƙirga 'yan ɗari biyar-biyar da suka sha jiki suna ware yagaggu, wani kwastoman yana tsaye yana jira har ya gaji ya shiga shagon gaba. Da yamma kuma a rasa yadda za a yi da kuɗin, a bar su a shago tsoron gobara, a tafi da su gida tsoron 'yan ƙwace. Da na zauna na tara masa cajin da kwastomominsa suka biya da cinikin da ya kufce, shi da kansa ya ce a sake bugo takardar. Kuma ba shi kaɗai ba ne, layin gaba ɗaya haka akai, aka cire aka mayar. Masu POS ne dai suka ci kasuwarsu a 'yan makonnin nan.

Sai kuma salon rubuta bayani a tiransifa. Kowa ya koma rubuta kyauta, ko bashi, ko kuɗin cefane, har wanda ya sayi buhun sukari goma sai ya rubuta kyauta. Shi Oyedele da bakinsa ya fito ya ce babu mai cire wa kowa kuɗi kai tsaye daga akawun, kuma ba bayanin da ka rubuta ne yake sa kuɗi ya zama na haraji ko ya fita ba. Kyautar gaske babu haraji a kanta ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, ribar ciniki kuma ba ta zama kyauta don ka kira ta haka.

Abin da ake cira da gaske naira 50 ce, kuɗin kan sarki, a kan duk tiransifar da ta kai dubu 10. Ita ma ba sabuwa ba ce, tun zamanin Buhari ake cirarta, Opay da Moniepoint ma sun fara tun ƙarshen 2024. Bambancin kawai da wanda aka tura wa ake cira, yanzu mai turawa ne yake biya. Shi ya sa za ka ga alat na 9,999, mutanenmu ba dai dabara ba.

Ma'aikata su ne suka fara ganin dokar a zahiri, don su ba a tambayarsu, tun kafin albashi ya shigo an yanke. Sabon tsarin shi ne naira dubu 800 ta farko a shekara babu haraji. Daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15, zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura kashi 25. Kuma hawa-hawa ne, ba wai da ka tsallaka dubu 800 sai a buga maka 15 a kan kuɗinka duka ba, a kan abin da ya ɗoru ne kawai. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashin Kano na dubu 71, a shekara dubu 852 kenan, in aka cire masa fansho ya faɗo ƙasa da dubu 800, ba zai biya ko kwabo ba. Wannan abu ne mai kyau, a faɗa.

Amma yayata malamar makaranta ce, ta kira ni farkon Fabrairu ta ce, "Kai da kake ta cewa an rage mana, ni fa ban ga komai ba." Na ce, "Yaya, turo min takardar albashin." Bari in yi misali da lamba mai sauƙi kusa da nata. Mai dubu 150 a wata, miliyan 1.8 a shekara, cire fansho kashi 8 saura 1,656,000. A tsohon tsari akwai rangwamen da ake yi wa kowa, dubu 200 da kuma kashi 20 na abin da kake samu, sannan a fara daga kashi 7, in ka buga harajinsa yana kamawa wajen 11,100 a wata. A sabon tsari an soke wancan rangwamen gaba ɗaya, cire dubu 800 saura dubu 856, kashi 15 ɗinsa 128,400 a shekara, wato 10,700 a wata. Ragin bai kai naira 500 ba. Ko litar fetur ɗaya ba zai saya ba. To ina laifinta don ta ce ba ta gani ba?

Abin da aka kawo a madadin wancan rangwamen shi ne na kuɗin haya, kashi 20 na hayar da kake biya a shekara, amma ba zai wuce dubu 500 ba. Da a ce tana biyan hayar dubu 300 da an rage mata dubu 60 daga abin da za a yi wa haraji, ta koma 9,950 a wata. Amma ita a gidan gado take a cikin gari, sashen mijinta ne tun na kakansa. Kuma a cikin badala haka mafi yawanmu muke, Yakasai, Mandawari, Ƙoƙi, Gwale, gida ɗaya magidanta biyar, ba mai biyan haya amma kowa yana zuba kuɗin yaɓe da kwano da yashe masai. Wanda ya tsara rangwamen nan ma'aikacin Legas da Abuja yake kallo. Masu hayar ma a nan, nawa ne suke da rasit? Wani abokina ya je wajen mai gidansu a Rijiyar Zaki ya roƙi takardar shaidar biyan haya, dattijon ya ce shi ba zai sa sunansa a takardar da za ta je hannun 'yan haraji ba, in ba zai iya zama haka ba ga ƙofa nan.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai wani abu da kusan kowa yake cakuɗawa. In kai kaɗai ne da shagonka, ko da ka yi rajistar sunan kasuwanci, harajinka ba na Abuja ba ne, na jiha ne, hukumar tara kuɗin shiga ta Kano ce take da kai, da wancan ma'aunin na dubu 800 da na faɗa, kuma a kan riba ba a kan ciniki ba. Kamfani mai cikakkiyar rajista shi ne na NRS, shi ma in ƙarami ne harajin ribarsa sifili ne, an ma ɗaga iyakar daga cinikin miliyan 25 da take a da, matuƙar kadarorinsa ba su wuce miliyan 250 ba. Manya su ne a kashi 30. Sabon kamfanin noma ko kiwo an ɗaga masa ƙafa shekara 5 ta farko. Masu masana'anta a Sharaɗa da Challawa da Bompai kuma yanzu za su iya cire VAT ɗin da suka biya a kan injina da hidimomi daga wanda za su miƙa, abin da da ba a yarda ba. A takarda kam wallahi dokar ta fi tsohuwar tausayin ƙaramin ɗan kasuwa.

Inda gizo yake saƙar shi ne kalmar riba. Yanzu lambar NIN ɗinka ita ce lambar harajinka, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC, kuma bankuna suna kai rahoton akawun ɗin da manyan kuɗi suke wucewa ta ciki. Ba cira za su yi ba, amma za a iya zuwa a tambaye ka. To ka ɗauki ɗan kamasho a Kwari, yaro ne da ko shago ba shi da shi, wani daga Maraɗi ko Injamena ya turo masa miliyan 30 ya saya masa atamfa ya ɗaure ya kai tasha, ladansa bai fi dubu ɗari ko ɗari biyu ba. A idon kwamfuta wannan yaron miloniya ne. In ba shi da littafin da ya nuna kuɗin wane ne, ga rasit ɗin kayan, ga abin da ya rage masa, da me zai kare kansa? Doka ta ba hukuma dama in ba ka da lissafi ta ƙiyasta maka, kuma mai ƙiyasi ba ya ƙiyastawa ƙasa. Haka mai karɓar adashi, haka ma'ajin masallaci ko na ƙungiyar unguwa da ake tura wa kuɗi a akawun ɗinsa na kansa.

Kuma ni abin da yake ban mamaki, lissafin nan ba baƙonmu ba ne. Duk shekara in lokacin fitar da zakka ya zo, manyan 'yan kasuwar nan rufe shago suke a ƙirga kaya bandir-bandir, a tara bashin da ake bin mutane, a ware wanda ake sa ran zai dawo da wanda ya mutu, a fitar da ɗaya cikin arba'in ba tare da ɗan sanda ya tsaya a kansu ba. Mutumin da yake wannan ba za a ce bai iya lissafi ba ko ba ya son bayarwa. Ya san inda zakkarsa take zuwa ne, yana ganin wanda ya karɓa. Ɗayan kuwa bai sani ba.

Gwamnati kuma ita ma ba ta taimaki kanta ba. Ana saura kwanaki dokar ta fara aiki, a Disamban 2025, ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato Abdussamad Dasuki ya miƙe a zauren majalisa ya ce abin da aka buga a gazet, wato takardar da gwamnati take wallafa dokoki a ciki, ba shi ne abin da suka amince da shi ba, har majalisa ta kafa kwamiti kuma shugabanninta suka ce a sake bugawa. Akai ta kira a ɗage ranar farawa, shugaban ƙasa ya ce ba fashi. To dan Allah ni da nake yawo layi-layi ina cewa mutane su kwantar da hankali ga abin da doka ta ce, in aka ce min wace dokar, ta majalisa ko ta gazet, me zan ce? Ga kuma harajin kashi 5 a kan fetur da dizal da yake kwance a cikin dokar, an ce ba zai fara ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni, kuma ba a fara shi a Janairun ba, amma yana nan a rubuce. Mutumin da aka cire wa tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da jimla ɗaya, wanda ya kwana a layin ATM farkon shekarar saboda canjin kuɗi, kar a ga laifinsa in ya fi yarda da muryar WhatsApp.

Dama tsakanin Bakano da haraji tsohuwar jiƙaƙƙa ce. Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Kumbari ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka gudu ƙauye. Zamanin En'e kakanninmu sun ga yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji, Fulani suna kora shanu daji in an ce masu jangali sun taho. A kan wannan NEPU da Malam Aminu Kano suka yi gwagwarmaya, kuma da PRP ta ci zaɓe a 1979 Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ya soke a Kaduna. Har yau in dattijo yana yabon Rimi da wannan yake farawa. A garin da soke haraji ne abin alfaharin siyasarsa, ba ka zuwa da sabuwar doka mai ɗaruruwan shafi da Turancin lauyoyi ka ce mutane su je intanet su karanta.

Harajin da talakan Kano ya sani kuwa ba ya cikin duk lissafin da nai a sama. Akwai maƙwabcina direban babbar mota, yana ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Kudu, lokacin tumatir kuma ya ɗauko daga Kwanar Gafan. Ran nan ya buɗe min aljihun gaban motarsa ya zaro wata leda cike da takardu, kore da ja da ruwan ɗorawa, wasu an buga musu hatimi wasu ko kwanan wata babu, na lodi, na sauke kaya, na amfanin gona, na tsaftar muhalli, na rediyon mota, na ƙungiya, na wata ƙaramar hukumar da ko tsayawa bai yi a cikinta ba wucewa kawai yai. Gilashin gaban motar gefe guda duk sitika ce har ta fara tare masa gani. Ya ce wanda ba a ba da takarda ma ya fi yawa, katako mai ƙusa ne a kan titi da matasa riƙe da gora, ka miƙa ko ka kwana a nan, kuma in tumatir ka ɗauko ba ka da bakin gardama don kafin ku gama ya fara ruwa. Duk wannan a kan kwanon wake da kwandon tumatir yake ƙarewa. Abincin da aka ce an yafe wa VAT an riga an tatse shi sau ashirin a hanya.

Cikin gari ma haka ne, mai shago ya biya na shago ya biya na allo ya biya na shara ya biya na maigadi, mai tura baro da mai shayi kowa da tikitinsa na kullum. Ba a manta yajin aikin 'yan adaidaita sahu na Fabrairun 2021 ba, a kan naira 100 ta kullum, garin nan kaf aka koma tafiyar ƙasa. Naira 100 a rana sau shekara ta haura dubu 36, daga mutumin da a ma'aunin sabuwar doka wataƙila ko kwabo bai kamata ya biya ba. Kwamitin Oyedele tun farko ya ce haraji sama da 60 ake karɓa a ƙasar nan kuma burinsu su dawo ƙasa da 10. Amma yawancin waɗannan na jiha ne da ƙananan hukumomi, dokar Abuja ba ta isa ta goge su ita kaɗai ba, sai kowace majalisar jiha ta yi tata kuma an sa ƙafa an kori masu katakon. Gwamnonin da suka haɗa kai cikin sati guda a kan rabon VAT, kuma suka samu ƙarin kashi 5 daga kason tarayya, ya kamata mu ga irin wannan zafin naman a kan 'yan tikiti. Can kuɗin da zai shigo musu ne, nan kuwa yaran siyasa ne za su rasa abin yi, shi ya sa nake ganin sai an matsa.

Waɗanda nake yi wa lissafi dai abin da na sa su yi ba shi da yawa. Akawun ɗin shago daban na gida daban, kar kuɗin makarantar yara da na dila su dinga haɗuwa. Littafi mai bango mai ƙarfi, kowace rana da shafinta, duk kuɗin da ba naka ba a rubuta na waye. Rasit na sayen kaya da na dako da na haya da na wuta a soke su a ƙusa ɗaya kar a zubar, don su ne ake cirewa kafin a ce ga riba. Duk wanda ya zo karɓar kuɗi da sunan gwamnati a nemi takarda mai sunan hukuma, in da hali a biya ta banki. Dokar ta kuma kafa ofishin sauraron ƙorafin masu biyan haraji, wanda aka yi wa ƙiyasin zalunci yana da inda zai kai kuka ban da kotu.

Sai abu ɗaya da na ga zai kama mutane da yawa ba su ankara ba, musamman samarin da suka yi rajistar kamfani don neman kwangila ko tallafi suka jefa takardun a durowa. Cewa harajinka sifili ne ba ya nufin ba ruwanka da hukuma, dole ne duk shekara ka cike takardar bayanin abin da ka samu ko da ba za ka biya komai ba. Mutum ɗaya wa'adinsa 31 ga Maris ne, kamfani kuma cikin wata shida bayan rufe lissafin shekararsa. In ba ka cike ba tarar naira dubu 100 ce a watan farko, sannan dubu 50 duk watan da ya biyo baya.